Amsa kan itatuwan da suka bushe a bayan hostal

Ɗan'uwa, ka ce kun dasa itatuwa a bayan hostal ɗinku a watan Nuwamba duk sun bushe, kana tambaya ina matsalar take. Wallahi lokacin ne bai yi ba. Nan Zariya ruwa yana ɗaukewa ne wajen Oktoba, daga nan sai hunturu ya shanye ɗan danshin da ya rage, ga shi kun tafi hutu babu mai ban ruwa. Ku jira Yuni ko farkon Yuli in damina ta zauna, kafin rani saiwa ta kama ƙasa.

Ku nemi darbejiya ko maɗaci, suna jure fari sosai. A yanke ledar da ke jikin dashen kafin a sa a rami, nan da yawa suke kuskure, a zuba taki ruɓaɓɓe, ɗanye gara yake jawowa. Sai keji, ko da na ƙaya ne, don awakin Samaru ba sa barin komai. Mu namu itatuwan, ruwan alwala kawai muke tara musu a bokiti da rani, kuma har yanzu suna nan kore shar.