Meye bambancin falsafar siyasa da kimiyyar siyasa?

Ɗan'uwa ka ce za ka yi mastas amma ka kasa bambance su. To kimiyyar siyasa yadda ake mulki a zahiri take dubawa, zaɓe, jam'iyyu, alƙaluma, ita kuwa falsafa tambayarta wa ma ya ba gwamnati ikon karɓar harajinka, kuma meye adalci. Dubi masanin falsafar siyasa John Rawls na jami'ar Harvard, a 1971 ya ce ka ɗauka kai za ka tsara dokokin ƙasa alhali ba ka san ko ɗan attajiri za a haife ka ko ɗan maigadi ba, wacce za ka zaɓa? A 1974 abokin aikinsa Robert Nozick ya yi masa raddi. Sai dai fa ita falsafar karatu ce zalla da gardama a rubuce, in zama da littafi na gundurarka wallahi za ka sha wuya.