Tambaya da Amsa: Makunnin tsohuwar tarakta ya fara gardama

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tarakta ƙirar Massey Ferguson 135 wadda na gada daga mahaifinmu, kuma da ita muke noman dawa da riɗi a yankin Sinnar na ƙasar Sudan. Tun ƙarshen daminar bara, idan aka murɗa makulli wani lokaci ta tashi, wani lokaci a ji "ƙas" sau ɗaya, wani lokaci kuma shiru. Na sayi sabon batir, babu abin da ya canza. Yaron da ke tuƙa ta ya koma tayar da ita da sukundireba, yana tsaye a ƙasa yana haɗa wuta a jikin kik (na'urar da ke juya inji ya tashi), kuma nan take take tashi. Mai wayarin ya ce a cire makunnin makulli da ƙaramin makunnin da ke kan giya, a ja waya kai tsaye zuwa maɓalli ɗaya. Shin in yarda?
Daga wani manomi a Maiurno.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifi. Kafin mu shiga batun gyara, ina roƙonka ka hana yaron nan tayar da tarakta da sukundireba daga yau, ko da hakan zai sa a rasa aikin yini guda. Kik yana gefen inji ne, tsakanin tayar gaba da babbar tayar baya, don haka duk wanda ya sunkuya yana haɗa masa wuta yana tsaye ne daidai kan hanyar da tayar baya za ta bi. Injin Perkins mai silinda 3 da ke cikin wannan tarakta injin dizal ne, ba ya buƙatar tartsatsin wuta, famfon mansa ma juyin inji ne ke tafiyar da shi, saboda haka da zarar kik ya juya shi zai iya kamawa ko da makullin yana cikin aljihunka. Idan ranar ta zo da tsautsayi, aka bar ta cikin giya ba a lura ba, tarakta za ta yi gaba tun kafin mutum ya ɗago kansa, ga kuma diski ko garma a bayanta.

Masu ƙera ta sun san da wannan haɗari tun asali. A Ferguson TE20, wadda aka fara ƙerawa a Kobentiri ta Ingila a 1946, libar giya ce da kanta ake turawa zuwa alamar S a tayar da inji, ta yadda ba zai yiwu tarakta ta tashi tana cikin giya ba. A irin taka, wadda aka yi daga 1964 zuwa 1975, gajeriyar libar nan ta giya mai ƙarfi da mai gudu ce ke da wannan aiki: sai tana tsakiya, a kan S, sannan ƙaramin makunnin da ke kan murfin giya yake barin wuta ta wuce. Shi ne mai wayarin yake so ya cire, kuma shawarata ita ce kada ka yarda.

Sukundireban yaron dai ya riga ya yi mana rabin binciken. Wutar da ke tayar da tarakta hanya biyu take bi. Akwai babbar hanya, wato kakkaurar wayar da ta taso daga batir zuwa babban notin solonayid (makunnin maganaɗisun da ke jikin kik), ta shiga kik, ta koma batir ta jikin ƙarfen tarakta, wadda ke ɗaukar ɗaruruwan amfiya a lokacin tayarwa. Akwai kuma ƙaramar hanya, siririyar wayar da ta taso daga batir ta bi ta makunnin makulli, ta bi ta makunnin giya, ta ƙare a ƙaramar ƙafar solonayid, wadda aikinta kawai shi ne ta umarci solonayid ya tura haƙoran kik cikin fulawil (babban faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji), ya kuma haɗa babbar wutar. Ka tambayi yaron inda yake taɓawa. Idan babban noti yake haɗawa da ƙaramar ƙafa kuma inji ya juya da ƙarfi, to batir lafiya yake, kakkaurar waya lafiya, kik da solonayid ma lafiya, kuma cutar tana cikin siririyar hanya. Wannan ne dalilin da ya sa sabon batir bai magance komai ba.

Gano ainihin wurin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, mita ta auna wuta ta isa. Ku kasance ku biyu, ɗaya a kan kujera ɗaya yana awo. A sa babbar liba a firi, ƙaramar a kan S, a ɗaure birki, a tokare tayar baya da dutse, sannan a jawo maɓallin kashe inji waje domin ko ya juya kada ya kama. Batir mai cikakken caji yakan nuna kusan folt 12.6, kuma haka ya kamata a samu a ƙafar makunnin da wuta ke shigowa. Daga nan na kan kujera ya murɗa makulli ya riƙe, mai awo ya bi wutar wuri bayan wuri: ƙafar da take fita daga makunnin makulli, ƙafafu biyu na makunnin giya, sai ƙaramar ƙafar solonayid. Inda wutar ta shiga da ƙarfi ta fito da rauni, nan ne matsalar take.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, har da ƙwararrun masu wayarin. Sukan zare wayar daga jikin solonayid su auna ta ita kaɗai, su ga folt 12, su ce makunni lafiya yake, a je a kwance kik. Wannan awo ba ya nuna gaskiya, domin mita kusan ba ta jan wuta, kuma makunnin da cikinsa ya yi tsatsa yana iya barin ɗan abin da mita ke buƙata ya wuce. Solonayid kuwa a daidai lokacin da yake fizgar haƙoran kik yana jan gomman amfiya, kuma a lokacin ne wutar ke durƙushewa a wurin da ya yi datti, kamar ƙaramar hanyar ruwan ban-ruwa da ciyawa ta cushe, wadda za ka ga ruwa kwance a cikinta amma ba zai kai ƙarshen gona ba. Saboda haka a bar wayar a haɗe yayin awo. Idan an ɗora wayoyin mita biyu a ƙafar shiga da ƙafar fita ta makunni ɗaya, aka murɗa makulli, aka ga ya cinye fiye da rabin folt, to cikinsa ya lalace. Ƙarar "ƙas" da kake ji sau da yawa ke nan: wuta ta iso solonayid, ta motsa shi, amma ba ta kai ta rufe babbar hanya ba. Ranar da aka ji shiru kuwa, ka gwada girgiza ƙaramar libar a hankali a kusa da S alhali makulli yana murɗe; idan kik ya kama, makunnin giya ne ya sassauta ko bakinsa ya cinye, kuma kwance shi da sifana a ɗaura sabo ba ya ɗaukar lokaci.

Ba abin mamaki ba ne makunni ya gaji a ƙasar nan. Ƙurar guguwar habub da garin baƙar ƙasar laka ta yankin Sinnar da Jazira suna shiga ta ramin makulli, su haɗu da naso na dizal su zama ƙullu, ruwan damina ya biyo baya ya kawo tsatsa, zafin rani kuma ya busar da robar wayoyi ya sassauta bakinsu.

Idan makunnin makulli ne, sau da yawa yana gyaruwa. Da farko a cire wayar batir da ke haɗe da jikin tarakta, kuma a duba da ido wacce ce, domin tsofaffin taraktocin Ingila masu dainamo da yawa kan batir mai alamar + ne ke haɗe da jiki. A ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a zare ko ɗaya. A tsarin Lucas na asali waya mai ruwan ƙasa ita ce ta batir, fara mai jan layi kuma ita ce ta solonayid, amma taraktar da ta kai shekara 50 hannaye da yawa sun ratsa ta, kada a dogara da launi. A kwance notin da ke riƙe da makunnin a dashbod, a buɗe kunnuwan ƙarfen da suka danne gindinsa a hankali, kuma a yi wannan a cikin faranti mai zurfi, saboda akwai ƙananan sifirin da ɗan ƙwallon ƙarfe da ke tsalle su ɓace a ƙasa. Za ka ga ƙananan idanun tagulla sun yi baƙi ko kore. A goge su da samfefa mai laushi har su yi haske, a share, a shafa ɗan basilin kaɗan, a mayar. Bakin wayoyin da ke shiga ƙafafu a matse su da filaya har sai sun kama gam. Amma idan tagullar ta yi rami ko robar gindin ta narke, to ya gama aiki, sai sabo.

Na san tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kayan gyara na ƙwarai sun yi wuyar samu, kuma makunnan da ke kasuwa da yawa tagullar cikinsu siririya ce. Maganin wannan shi ne a sa rile, wato ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa, mai ƙafa 4, na folt 12 da amfiya 40, wanda masu shagunan kayan mota a nan ke kira kataut. Ƙafa mai lamba 30 a kai ta babban notin solonayid na ɓangaren batir ta cikin fis, mai lamba 87 a kai ta ƙaramar ƙafar solonayid, tsohuwar wayar da ta fito daga makunnin giya a sa ta a 86, sai 85 a haɗa da jikin tarakta. Da wannan, abin da zai riƙa bi ta makulli bai kai rubu'in amfiya ba, makunnin zai daɗe, kuma makunnin giya yana nan a kan aikinsa. Idan ma an rasa makunnin makulli dole sai maɓalli, babu laifi, da sharaɗin wayarsa ta bi ta makunnin giya, kuma a kafa shi inda sai wanda ke zaune a kujera ne hannunsa zai kai.

TAMBAYA: Malam, tawa Massey Ferguson 290 ce. Sau biyu ke nan inji yana tashi, in saki makulli, amma kik ya ci gaba da juyawa yana ƙara har sai mun cire kan batir. Me ke kawo haka?
Daga wani direban tarakta a Gadarif.

AMSA: Kun yi daidai da kuka cire kan batir, kuma kada ka sake fita da ita gona sai an gyara. Abu biyu ne suka fi kawo wannan. Ko dai sifirin ɗin da ke dawo da makulli ya mutu, makunni ya ci gaba da aika wuta, ko kuwa farantin tagullar da ke cikin solonayid ya narke ya manne da notinsa. Bambance su abu ne mai sauƙi: bayan an cire batir, an sa giya a firi, an jawo maɓallin kashe inji, a zare siririyar wayar solonayid, sannan a ɗan taɓa kan batir. Idan kik ya yi shiru, laifin makunni ne ko wayarsa. Idan ya juya, solonayid ne ya manne. Abin da ke manne shi galibi raunin batir ne, domin idan wuta ta yi ƙasa farantin ba ya dannuwa sosai, sai ya riƙa tartsatsi yana zafi, musamman idan direba ya nace yana murɗa makulli ba hutawa. Kada a wuce daƙiƙa 15 ana juya inji, a bari kik ya huce kafin a sake, kuma idan mita ta nuna batir ya faɗi ƙasa da folt 9.6 lokacin juyi, a kai shi caji ko a canza shi. A wasu nau'o'in solonayid ana iya buɗe murfin baya a juya farantin a yi amfani da ɗaya fuskar.

Dalilin da ya sa nake matsa maka shi ne, kik ɗin da ya ci gaba da cizon fulawil bayan inji ya tashi yakan ƙone, yakan kuma cinye haƙoran fulawil, su kuwa ba a canza su sai an raba tarakta gida biyu tsakanin inji da giya. A manyan gonakin Gadarif, inda ake noman damina da injina tun shekarun 1940, gona tana iya yin nisan sa'o'i da gari, kuma idan laka ta jiƙe hanya kan yanke, lokacin shukar Yuli kuwa ba ya jiran kowa. Ina ba da shawarar a sa babban makunnin yanke batir kusa da kujera, wanda zai kuma hana yara wasa da ita idan an ajiye.

TAMBAYA: Sabon makunnin da na saya yana da ƙafar da aka ce ta hita ce. Da zafin Sudan, akwai buƙatar in haɗa ta?
Daga wani mai karatu a Wad Madani.

AMSA: Hitar tana cikin bututun da iska ke shiga inji, tana ƙona ɗan dizal ta ɗumama iskar idan aka riƙe makulli a wurinta na daƙiƙa 15 zuwa 20. A mafi yawan shekara ba za ka neme ta ba, amma da asubahin Disamba da Janairu, lokacin aikin alkama a Jazira, tsohon inji yakan tashi da sauri da ita, batir da kik su huta. Idan tana aiki ka haɗa ta, sai dai ka fara tantance ƙafafun da mita, ka tabbatar wuta tana zuwa ƙafar ne kawai lokacin da kake riƙe da makulli, domin idan ka sa ta a ƙafar da ke da wuta kullum za ta ƙone ta kuma zuƙe batir. Idan ba ta aiki, ka bar ƙafar babu komai, ka naɗe bakin tsohuwar wayar da salatif, ka ɗaure ta nesa da ƙarfe.