Bakan gizo, dodo da macijin rijiya: amsar tambayoyinku

Tambayoyi sun taru, kuma kusan dukkansu a kan tatsuniya da halittun cikinta suke zagaye, to bari in tsinci masu tsoka.

Wani ɗalibi ya rubuto yana cewa: "Malam don Allah me ya haɗa Gizo da baka? Na ji wani yana cewa wai bakan gizo daga Larabci aka aro shi, ƙausu ƙuzah, wai gizon nan shi ne ƙuzah. Haka ne?"

To ɗan'uwa, wanda ya gaya maka ba daga sama ya tsinto maganar ba. Larabawa ƙausu ƙuzah suke cewa, ƙausu shi ne baka, shi kuwa Ƙuzah ana danganta shi da wani abin bauta na zamanin jahiliyya, har wasu malamai suka ƙyamaci sunan saboda haka, kuma akwai dutse a Muzdalifa mai wannan suna. Sannan harafin ƙaf yakan rikiɗe ya koma g a bakinmu, ga gahawa nan shaida. Amma ni dai ban sayi zancen ba. Kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujja, in da haka ne ai da tuni mun ƙulla zumunta da rabin duniya. Gizo ɗan gida ne, yana da dangi a cikin harshen: gizo-gizo mai saƙa, yanar gizo da muka ɗora wa intanet, ga kuma wanda za ka ji ya ce "fuskarta sai gizo take min", wato abu yana bayyana a ido alhali in ka kai hannu babu shi. Wannan ta ƙarshen ita ta fi zauna min a kan bakan gizo, don ko ka yini kana binsa ba za ka taɓa isa gindinsa ba, kana matsawa yana matsawa.

Shi kuwa baka, ai siffa ce kowa ya gani. A Indiya bakan Indra suke ce masa, shi Indra shi ne ubangijin tsawa da ruwan sama a tsoffin labaransu. Mutanen arewacin Turai na dauri kuma gada suka gani, Bifros, wadda ta haɗa duniyar mutane da ta allolinsu. Girkawa mace suka mai da shi, Iris, 'yar aiken alloli.

Amma inda zancen ya fi daɗi shi ne ɗaya sunan da yaran yanzu ba su cika ji ba, masha-ruwa. Tsofaffi kan ce in ya fito to ya shanye ruwan, hadarin nan ya watse kenan. Kuma kalmar gajimare da muke nufin girgije da ita yau, a wurin Maguzawa sunan wani iska ne mai siffar maciji, mazauninsa rijiya ko suri, in ya miƙe sama shi ne bakan da ake gani. Ka ga kalma ta rayu, abin da ke bayanta ya kwanta dama, yau mai karanta hasashen yanayi a rediyo zai ce gajimare ya rufe sama bai ma san sunan wa yake kira ba. Kuma ba mu kaɗai muka ga maciji a wurin ba, Yarabawa suna da Oshumare, mutanen Fon na Jamhuriyar Benin suna da Ayido Hwedo, can Ostireliya ma 'yan asalin ƙasar macijin bakan gizo na cikin manyan labaransu kuma shi ma a ramukan ruwa yake zama. Rumawa su ma sun ce bakan yana shan ruwa, sai dai nasu akasin namu ne, yana zuƙa daga ƙasa ya kai wa girgije, don haka alamar zuwan ruwa ne a wurinsu. Dalilin namu kuwa a fili yake: sai rana ta samu kafa ta bugi ɗigon ruwa sannan launukan ke fita, rana tana bayanka ruwan yana gabanka, kuma sau da yawa lokacin hadarin ya fara yayewa ne, sai ido ya ɗora laifin a kan wanda ya gani ƙarshe. Wajen shekarar 1300 wani malami Bafarishe, Kamaluddin al-Farisi, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya sa a hasken rana ya nuna yadda hasken ke lanƙwasa a ciki ya fito.

Wata baiwar Allah kuma ta ce maigidanta kullum in ta fara magana sai ya ce "tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi", tana son sanin ko zagi ne.

Hajiya ba zagi ba ne, amma fa ba yabo ba ne. Nufinsa an riga an san inda zancenki zai dire tun kafin ki buɗe baki, kamar yadda duk yawon da Gizo zai yi a tatsuniya gida zai dawo wurin matarsa Ƙoƙi. Ita Ƙoƙi ƙwaron nan ne ƙoƙi-ƙoƙi mai dogon wuya da hannuwa a naɗe. Abin dariya, a kudancin Afirka wurin mutanen San wannan ƙwaron shi ne gwanin wayon da kansa, ba matar kowa ba. Shi kuwa Gizo ɗan'uwansa na kusa shi ne Ananse na mutanen Akan a Gana, shi ma gizo-gizo ne, shi ma ga haɗama ga ƙarya, kuma bayin da aka kwashe suka tsallaka teku da shi har Jamaika. Abin da ya fi ba ni mamaki, kun san Gizonmu tsamin baki gare shi, in mai tatsuniya ta iya sai ta lanƙwasa harshe ta ce "shayki" maimakon sarki yara su fashe da dariya, to na Jamaika ma da tsamin baki ake kwaikwayon maganarsa. Yarabawa kunkuru suka ba wannan aiki, Turawa yanyawa. Kowa dai ƙaramin da ba shi da ƙarfi ya zaɓa ya ɗora a kan manya.

Akwai wanda ya ga hoton wani tsuntsu an rubuta dodo a ƙasa, ya tambaya ko sunanmu aka ɗauka. A'a. Wancan tsuntsu ne na tsibirin Morishas da ba ya tashi, ya ƙare a duniya tun ƙarni na 17, kuma da yawa suna danganta sunan da wata kalmar Fotugis mai nufin wawa. Dodonmu kuwa ba wawa ba ne har sai ya gamu da Auta. Mu dodo duk abin tsoro ne da ba a gane siffarsa, shi ya sa ba za ka taɓa samun tsofaffi biyu su siffanta maka shi iri ɗaya ba, wani ya ce a ruwa yake wani ya ce gashi ne har ƙasa, abin da aka haɗu a kai dai yana haɗiye mutum. Daga nan muka samu dodon koɗi da dodon kunne, abin da ke laɓe a cikin rami, har da dodon hoto na zamanin fim inda baƙi ke fitowa fari, fari kuma ya fito baƙi. In kuma ka ji an ce "ashe dodo ɗaya muke yi wa tsafi", to mutum biyu ne suka gano buƙatarsu ɗaya kuma ƙofa ɗaya suke bi a ɓoye, galibi samari biyu a gidan yarinya ɗaya ko 'yan takara biyu a gidan ubangida ɗaya.

Mai tambayar wace kalma ta dace da labaran allolin Girkawa da ire-irensu, almara ta fi kusa. Tatsuniya tana da buɗewa da rufewa, ga ta nan ga ta nanku, a ƙare da ƙurunƙus, kuma mai yi da mai ji duk sun san ƙagagge ne. Su kuwa waɗancan masu su sun yarda da su a zamaninsu.

Ta ƙarshe ita ce ta wani malamin makaranta: shin karin maganar "an kashe maciji ba a sare kansa ba" daga labarin Bayajida ta fito?

Malam ban ga alamar haka ba, wannan magana ce ta wanda ya taɓa ganin maciji an jibge shi da sanda an yar, can anjima aka waiwaya babu shi, ana faɗinta in an yi maganin matsala rabi da rabi an bar tushenta. Bayajida ai ya sare kan. Yadda ake ba da labarin, ya iso Daura da dare ya nemi ruwa wurin tsohuwa Ayana, ta ce ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu wanda ake kira Sarki, ya karɓi guga ya tafi, macijin ya riƙe guga ya jawo shi ya fille kan da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya tafi da kan, da gari ya waye masu cika baki suka yi ta cewa su ne, aka ce to ina kan, sai baƙo ya fito da shi, Daurama ta aure shi. Rijiyar tana nan har yau.

Amma tambayarka ta taɓo abin da ya wuce Daura, don macijin da ya tare ruwa da jarumin da ya zo ya kashe shi labari ne da ya karaɗe duniya. A Indiya maciji Biritra ne ya tsare koguna har Indra ya buge shi ruwa ya ɓalle. A Girka Kadmus ya aiki mutanensa ɗebo ruwa a wani marmaro, macijin wurin ya hallaka su, ya kashe shi sannan ya kafa birnin Tibis, ka ji fa, baƙo, ruwa, maciji, sai kafa gari. In kuma karin maganarka kake nema wa abokin tafiya to Haidira, macijiya mai kawuna da yawa ta labaran Girkawa, ce ta fi dacewa, wadda jarumi Harkulis in ya sare kai ɗaya biyu ke tsirowa, sai da ɗan ɗan'uwansa ya riƙa bin wuyan da wuta yana ƙonawa. Kar dai wani ya ce wani ya kwafa daga wani, duk wanda ya taɓa zuwa bakin ruwa da rani ya san wa yake tararwa kwance a wurin sanyi.

Na Soninke kuwa, masu tsohuwar daular Gana da suke kira Wagadu, juya labarin suka yi. Macijinsu Bida shi ke ba su ruwan sama da zinariya, su kuma duk shekara su ba shi budurwa. Shekarar da abin ya faɗo kan wata yarinya Siya, saurayinta ya laɓe ya sare kawunan macijin guda bakwai ɗaya bayan ɗaya, kai na ƙarshe yana tashi sama ya yi musu baki, ruwa ya ɗauke shekara bakwai, zinariya ta koma yankin Bure da ke ƙasar Gini ta yau, mutane suka watse. Shi wannan ya kashe maciji ya sare kai har bakwai, kuma babu sarauniyar da ta aure shi.