Me ya sa kumbon takarda yake ɗaga hanci ya faɗo?

Ka tambayi dalilin da ya sa kumbon Shuttle da ka haɗa da takarda yake ɗaga hanci sama, sannan ya faɗo kamar busasshen ganye. Matsalar ta rabon nauyi ce. Fukafukan wannan kumbo, wanda hukumar NASA ta yi aiki da shi daga 1981 zuwa 2011, suna can baya, saboda haka yawancin takarda da gam sukan taru a wutsiya.

Ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai. Idan ya rinjaya baya, ka riƙa cusa ɗan danƙo cikin hancin, kaɗan-kaɗan, har nauyin ya dawo gaban tsakiyar fiffike. Daga nan sai ka lanƙwasa gefen bayan fukafukan sama kamar milimita 2, daidai wa daida, domin in ɗaya ya ɗara ɗaya, kumbon zai riƙa karkata gefe. Ni dai na fi son takarda mai matsakaicin kauri, don kwali yakan yi nauyi.

Kada ka wurga shi da ƙarfi. Ka tura shi a hankali, hancin yana ɗan kallon ƙasa, domin ainihin kumbon ma sulalowa yake yi ya sauka ba tare da ƙarfin inji ba.