Mustang mai giyar hannu ko otomatik: wacce zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Mararaba, ina aiki a cikin Abuja. Na samu Ford Mustang GT ƙirar 2018 guda biyu a wajen dillali, ɗaya mai giyar hannu, ɗaya otomatik, kuɗinsu kusan ɗaya. Abokaina sun ce motar gudu ba ta cika mota ba sai da kuloci. Ita ce za ta zama motata tilo. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar abokanka ta yi daidai da zamanin da otomatik ke da giya 3 ko 4, tana shan mai, kuma sai ka taka totur ka jira kafin ta amsa. Wancan zamani ya wuce. Mustang ɗin da ka gani injinsu ɗaya ne, V8, wato inji mai silinda takwas, mai lita 5 da ƙarfin doki 460. Ta hannun giya 6 gare ta, otomatik ɗin kuwa 10, wadda Ford da General Motors suka haɗa kai suka ƙera. In an jera su a miƙaƙƙiyar hanya, otomatik ce za ta shiga gaba, domin tana sauya giya kafin ƙafarka ta kai ga kuloci, kuma giyoyin nan goma suna riƙe inji a daidai inda ƙarfinsa yake.

Ba Ford kaɗai ba ne. Porsche 911 GT3 ta 2021, a alkaluman kamfanin da kansa, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4 da giyar PDK mai sauya kanta, ta hannu kuwa sai 3.9. Ferrari da Lamborghini sun daina sa giyar hannu fiye da shekara goma da suka wuce, Corvette ma ta bi sahu a 2020.

To me ya sa har yanzu ake neman giyar hannu? Saboda akwai daɗin da agogo ba ya aunawa. A 2013 Porsche ta fito da GT3 ba giyar hannu, masu saye suka yi ta ƙorafi, a 2017 ta dawo da ita. Ni ma ina cikin masu wannan ra'ayi. Ka tunkari kwana, ka taɓa birki, ka sauko daga giya ta 4 zuwa ta 3, ka ji inji ya amsa daidai yadda ka nufa, wannan abu ne da hannunka da ƙafarka suka yi, ba kwamfuta ba. Wanda ya saba da shi ba ya son rabuwa da shi.

Amma ka ce Mararaba, ka kuma ce motarka tilo. Nan ne maganar take. Cunkoson Nyanya safe da yamma ba wurin jin daɗin giya ba ne. Za ka taka kuloci ka saki sau ɗaruruwa kafin ka kai mahaɗar AYA da ke cikin Abuja, kulocin V8 kuma ba irin na ƙaramar mota ba ne. Gwiwarka ta hagu za ta gaya maka, farantin kulocin zai cinye da wuri, kuma kayansa sai an yi oda. Otomatik ɗin Mustang irin wadda ke tura ƙarfi ta cikin man giya ce, tana jure tafiyar hawainiya ba tare da wani faranti ya ƙone ba. Da a ce giya ce mai kuloci biyu busassu, irin wadda ke wasu motocin Volkswagen, da na ja maka kunne, don ita tana zafi a cunkoso. Wannan ba ita ba ce.

Saboda haka shawarata ka ɗauki otomatik. Tana da 'yan maɓallai a bayan sitiyari da za ka sauya giya da kanka ranar da ka samu hanya ba kowa.

Kafin ka biya, ka tuƙa ta har ta ɗauki zafi, ka saurara ko tana fizga tsakanin ƙananan giyoyi, domin an san wasu daga cikinsu da hakan. A sa mata kwamfuta a duba. Man giyarta na musamman ne, Mercon ULV, kada ka bari bakanike ya zuba mata wanda ya samu a kanti, kuma a zafin ƙasarmu gara ka canza shi kafin lokacin da littafin motar ya faɗa.

In kuwa zuciyarka ta nace sai ta hannun, gwada kulocinta haka: ka sa giya ta 5 kana tafiya a hankali, ka danne totur. Idan ƙarar inji ta tashi amma gudun motar bai ƙaru ba, kulocin yana zamewa, sai ka cire kuɗin sabo daga farashin tun a wajen ciniki.