Layin gida a ƙasar waje: a bar shi ya saurara kawai

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina aiki a Jamus. Na riƙe layina na gida saboda ta nan banki ke turo mini lambar sirri, kuma ita ce lambar da iyayena suka haddace. Amma duk katin da ƙanena ya loda mini, kwana biyu ya ƙare, ban kira kowa ba. Ga shi watan jiya mun je aiki Suwizalan da layin da na saya a nan, aka caje ni kuɗin da ya tayar mini da hankali, alhali an ce a Turai babu cajin romin. In jefar da layin gidan ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Kada ka jefar da shi. Aikin da ka ɗora masa ne ya yi yawa.

Kamfanin layinka ba shi da turakun sabis a Jamus. Da ka kunna waya, sim ɗin ya hau na wani kamfani a matsayin baƙo, mai masaukin ya caji kamfaninka, shi kuma ya fanshe a kanka da riba. Wannan shi ne romin. Ka ce ba ka kira kowa ba, na yarda. Data ce ke cinye katin. Waya ba ta barci ko kana barci: tana sabunta manhajoji, tana kwashe hotuna zuwa ma'ajiya, tana sauke bidiyon da aka zuba a guruf ɗin dangi, wanda ko buɗewa ba za ka yi ba.

Shiga saitin waya, wajen da ake sarrafa sim. Zaɓi layin Jamus ya zama shi kaɗai ke ba da data, ka kashe maɓallin da aka rubuta wa "Data roaming" a kan layin gida. Akwai wani maɓallin da ke ba waya izinin tsallakawa ɗaya layin idan sabis ya yi rauni. Shi ma kashe shi, don ta nan ɓeran yake shiga.

Daga nan layin gida ya zama kunne kawai. A yawancin kamfanoni karɓar saƙon tes a waje kyauta ne, don haka lambar banki za ta ci gaba da shigowa. Amsa kira kuwa ba kyauta ba ne, kuma nan ne mutanenmu ke shan mamaki, domin a gida mun saba mai kira ne ke biya. A waje kai ma da ka ɗaga kana biya. In ka ga kiran Baba, ka bari ya katse, ka bi shi ta WhatsApp ko ta layin da ke da araha. Ka dai sanar da su tun da wuri cewa haka za ka riƙa yi, kada tsoho ya ɗauka raini ne. Ka rufe akwatin saƙon murya ma, wasu kamfanonin suna cajin kiran da ya faɗa can.

WhatsApp ɗinka ba ruwansa da layin da ke ba da data. Zai zauna a kan lambar gida muddin ba kai ka sauya ta da hannunka ba.

Abin da ya fi cajin romin haɗari shi ne layin ya mutu. Kamfanoni suna karɓe lambar da ta yi watanni ba a yi amfani da ita ba, su sayar wa wani. Ka ga ke nan saƙon bankinka ya koma hannun wanda ba ka sani ba. Duk bayan wata ɗaya ko biyu ka tura tes guda da layin, a bar ɗan kati a ciki. Wannan kuɗin ba asara ba ne.

Sai batun Suwizalan. Wanda ya gaya maka rabin gaskiya ya faɗa. Tun 15 ga Yuni 2017 Tarayyar Turai ta hana ƙarin caji ga mai layin wata ƙasar Tarayyar idan ya shiga wata, kuma a 2022 aka tsawaita dokar zuwa 2032. Ta haɗa da ƙasashe 27 na Tarayyar, da Norwe da Aisland da Liktanstain. Suwizalan tana tsakiyar Turai amma ba ta cikin Tarayyar. Turkiyya ma ba ta ciki. Birtaniya tun da ta fice, abin ya koma ga yarjejeniyarka da kamfani. Ba ma sai ka tsallaka ba: a garuruwan bakin iyaka waya kan cafko sabis ɗin maƙwabta da kanta, sai ka zaɓi netwok da hannu ka hana ta. Sabis ɗin tauraron ɗan'adam na cikin jirgin ruwa da jirgin sama shi ma dokar ba ta hana cajinsa ba. Haka kiran gida daga Jamus, wannan kiran ƙasa da ƙasa ne, farashinsa daban.

Gaba in tafiyar ta kwana biyu ce, sa waya a yanayin jirgi, ka kunna Wi-Fi kaɗai, ka sauke taswirar garin a Google Maps tun kana gida. In za ka daɗe, ka sayi eSIM na data (sim ɗin da ake saukewa cikin waya ta intanet, ba na sakawa da hannu ba) kafin ka tashi, ko layin ƙasar idan ka sauka, fasfo a hannu, don ƙasashe da yawa ba sa yin rajista sai da shi. Yawancin wayoyin iPhone daga na 2018 suna ɗaukar eSIM, amma sai in wayar ba a kulle take da kamfani ɗaya ba. Ni na fi son eSIM, ko don kada ƙaramin sim ya salwanta a filin jirgi.

Kuɗin da aka cire maka kuwa, kada ka yi shiru. Doka ta wajabta wa kamfanonin Tarayyar su turo saƙon farashi da zarar ka shiga wata ƙasa, su kuma tsayar da data idan caji ya kai Yuro 50 ban da haraji, sai in kai ka amince a ci gaba. Duba saƙonninka na ranar. In babu su, rubuta wa kamfanin, ka haɗa da takardar cajin, ka nemi a mayar maka da abin da ya haura.