Mahaifinmu ya rasu ya bar asusu da bashin mota a ƙungiyar ajiya da rance: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu makonni uku da suka wuce a nan Amurka. Ya daɗe yana hulɗa da wata ƙungiyar ajiya da rance, irin wadda ake kira kiredit yuniyon. Yana da asusun da fanshonsa ke shiga, da na ajiya, da bashin mota da bai gama biya ba. Lokacin jinya ya ba ni takardar wakilci, kuma katinsa da lambar sirrin suna hannuna. Yayana ya ce in kwashe kuɗin tun kafin su ji labarin rasuwar su rufe asusun. Mahaifiyarmu kuma hankalinta ya tashi, tana tsoron a biyo ta bashin motar. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ki ajiye katin nan, kada ki ƙara cire ko dala ɗaya da shi. Na san yayanki taimako yake nufi, amma shawarar za ta jefa ki cikin matsalar da ba ki da ita yanzu. Wakili da yawun wanda ya wakilta shi yake aiki, saboda haka takardar wakilcin ta daina aiki tun ranar da Baba ya cika. Duk kuɗin da aka cire yana da rana da lokaci a rubuce, kuma da zarar takardar shaidar mutuwa ta iso, abu na farko da ma'aikaci zai yi shi ne ya gwada ranar rasuwa da abin da ya fita bayanta. Ana iya neman ki mayar, kuma sauran magada ko masu bin Baba bashi suna da damar kai ki ƙara. Idan kin riga kin cire wani abu domin hidimar jana'iza, ki adana rasit, ki faɗa musu da bakinki kafin su gani da kansu.

Tsoron a rufe asusu shi ne ke sa iyalai yin gaggawa, alhali ba kowane asusu ake tsayarwa ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne takardar da Baba ya sa wa hannu ranar da ya buɗe kowane asusu. Ita ce ke gaba da kusancin jini, kuma a mafi yawan lokuta tana gaba da wasiyya ma. Don haka tambayarki ta farko a ofishinsu ita ce: yaya aka rubuta kowane asusu, kuma sunan wa ke kai?

Idan sunan Mama na kan asusun a matsayin abokiyar mallaka, kuma an rubuta cewa wanda ya rage shi ke da kuɗin, kamar yadda ake rubuta yawancin asusun ma'aurata, to kuɗin nata ne ba tare da an je kotu ba. Za ta kai takardar shaidar mutuwa da katin shaidarta a cire sunan Baba. Sai dai ƙungiyar ba kamar banki take ba, mambobinta ne masu ita. Idan Baba ne mamba, Mama kuma sunanta kawai aka ɗora a asusunsa, za su iya cewa ta zama mamba da kanta, ta buɗe sabon asusu a mayar mata da kuɗin. Abu ne mai sauƙi, kason zama mamba sau da yawa bai wuce dala 5 zuwa 25 ba.

Idan kuma Baba ya rubuta sunan wanda za a biya bayan rasuwarsa, abin da suke taƙaitawa da POD, wannan mutumin za a miƙa wa kuɗin kai tsaye, ko da wasiyya ta faɗi wani abu dabam. A nan ne na fi ganin zumunci yana taɓuwa. Uba ya rubuta sunan babban ɗansa shekaru ashirin da suka wuce, da nufin ya karɓa ya raba wa kowa, amma a idon doka kuɗin na ɗan ne shi kaɗai. Ƙungiyar ba ta shiga maganar abin da mamaci ya nufa a zuciyarsa. Idan haka ta kasance a gidanku, ku zauna ku yi maganar a fili tun kafin kuɗin su fito.

Asusun da ke da sunan Baba shi kaɗai, babu abokin mallaka babu wanda aka ambata, shi ne za a tsayar, domin ya shiga dukiyar gado. Mai iya taɓa shi sai wanda kotun gado ta gundumar da Baba ya zauna ta naɗa. Idan akwai wasiyya, kotu kan naɗa wasiyyin da aka ambata a ciki. Idan babu, sai ta zaɓi mai kula da dukiyar, galibi matar mamaci ko ɗaya daga cikin 'ya'ya, ta ba shi takardar naɗi. Da wannan takarda zai nemi lambar haraji ta dukiyar gado, wato EIN, daga hukumar haraji ta IRS, wadda kyauta ake bayarwa, ya buɗe asusu da sunan dukiyar. Daga nan ake biyan basussuka, sannan a raba abin da ya rage. Kafin ku ɗauki wannan doguwar hanya, ku tambayi akawun kotu ko dukiyar ta cancanci hanyar ƙaramin gado, inda takardar rantsuwa ke wadatarwa. Kowace jiha da iyakarta: a Teksas dala 75,000 ce, a Niyok dala 50,000, kuma akan jira wasu kwanaki bayan rasuwa, 30 a Teksas, 40 a Kalifoniya.

Maganar fansho tana buƙatar kulawa. Idan daga SSA yake zuwa, wato hukumar fansho ta gwamnatin tarayya, ba a biyan kuɗin watan da mutum ya rasu, ko da ranar ƙarshe ta watan ya cika. Kuma a baya-baya ake biya: wanda ya rasu a watan Yuni, kuɗin da suka shigo a Yuli na Yuni ne, dole su koma. Baitulmalin Amurka ta hannun ƙungiyar yake janye su. Wanda ya kwashe asusu ya bar shi wayam, shi za a waiwayo. Ki tabbatar an sanar da SSA, ko da yake masu gidan shirya gawa kan yi hakan. Mama kuma ta tambaye su haƙƙinta na matar mamaci, har da dala 255 da ake biya sau ɗaya, wanda ake nema cikin shekaru biyu.

Yanzu bashin mota, wanda ya hana Mama barci. Ki kwantar mata da hankali da wannan: bashin mamaci daga dukiyarsa ake biya. Ba a bin mace bashi don kawai mijinta ne ya ci. Inda zai hau kanta shi ne idan ta sa hannu a takardar rancen tare da shi ko ta tsaya masa, ko kuma idan suna zaune a ɗaya daga cikin jihohi 9 da ke ɗaukar dukiya da bashin da aka samu cikin aure a matsayin na ma'aurata biyu, irin su Teksas, Kalifoniya da Arizona. Idan a can kuke, ku ga lauya kafin ta sa hannu a komai. Kuma kada wani a cikinku ya yi alkawarin biya daga aljihunsa a waya, komai taushin muryar mai kira.

Amma akwai abin da ya bambanta ƙungiyar da sauran masu bin bashi, kuma ya kamata ki sani tun yanzu. Dokar tarayya ta 1934 ta ba waɗanda ke da rajistar gwamnatin tarayya a cikin waɗannan ƙungiyoyi damar riƙe ajiyar mamba a kan bashin da suke binsa, kuma takardun rancensu kan ƙarfafa hakan. Idan biyan bashin ya tsaya, suna iya ɗiba daga ajiyar Baba su rage abin da suke bi. Yawancinsu kuma suna sa sharaɗin cewa motar jingina ce ga sauran basussukan da ke wurinsu, har da katin bashi. Don haka ki nemi a rubuta miki jimlar duk abin da suke binsa, a kuma faɗa miki ko za su taɓa asusun da sunan Mama ke kai.

Sannan ki yi wannan tambaya, wadda iyalai da yawa ba su san da ita ba: shin Baba ya ɗauki inshorar da ke biyan rance idan mai rancen ya rasu? Ƙungiyoyin nan suna yawan tallata ta lokacin ba da rance, mutum ya yi shekaru yana biya a cikin kason wata-wata har ya manta. Idan akwai, tana iya share ragowar bashin gaba ɗaya ko wani ɓangarensa. Idan babu, kuma kuna son motar, a ci gaba da biyan kason wata da inshorar motar har a daidaita, domin jinginar tana nan kuma suna iya karɓe ta.

Kuɗin da ke asusun ba sa cikin haɗari don kun ɗauki lokaci. Hukumar NCUA tana ba da inshora har dala 250,000 ga kowane mai ajiya a ƙungiyar da ke ƙarƙashinta, kuma tana barin lissafin yadda yake tsawon watanni 6 bayan rasuwa. Idan Baba yana da asusun ritaya na IRA, kada a cire shi da gaggawa, yana da nasa magajin a rubuce da nasa dokokin haraji.

A wannan makon ki nemi kwafi masu hatimi na takardar shaidar mutuwa, kamar guda goma, domin kusan kowane ofishi zai nemi nasa. Ki kira ƙungiyar ki ce a haɗa ki da sashen da ke kula da asusun waɗanda suka rasu, ki sa rana. Ku tafi tare da Mama, da katunan shaidarku, da lambar SSA ta Baba, da wasiyya idan akwai, da bayanin asusu na watanni biyu ko uku. A cikin bayanin ki yi alama a kan duk abin da ke fita da kansa kowane wata, kamar wuta, waya da inshora, domin a san wanda za a tsayar da wanda za a mayar asusun Mama kafin a yanke mata wani abu a gida. Ki miƙa musu katin a wannan zaman, kuma duk abin da aka faɗa muku game da bashin, ki roƙi a ba ku shi a rubuce.